Ali Tireki da Siyasar Afirka ta Gaddafi: Aikin Jakada a Ƙasar Mutum Ɗaya

Ranar 23 ga Satumba 2009 Mu'ammar Gaddafi ya hau mumbarin Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a Niyok, karonsa na farko cikin shekara 40 da ya yi a kan mulki. Minti 15 ake ware wa kowane shugaba, shi kuwa sai da ya haura sa'a ɗaya da rabi. Yana sanye da tufafi ruwan ƙasa, da baƙar taswirar Afirka maƙale a ƙirjinsa, yana ta jujjuya takardun da ya rubuta da hannu. Ya ɗaga ɗan littafin kundin Majalisar ya yagi gefensa, ya ce Kwamitin Sulhu kwamitin ta'addanci ya kamata a kira shi. A kujerar da ke sama da shi, kusa da Sakatare Janar Ban Ki-moon, akwai wani dattijo ɗan ƙasarsa. Shi ya gabatar da Gaddafi ga zauren da kirarin sarkin sarakunan Afirka, shi ne kuma mai ikon tsawata wa duk wanda ya zarce lokaci. Sai dai mai maganar ubangidansa ne tun shekarun 1970.

Wannan dattijo shi ne Dokta Ali Abdussalam Tireki, shugaban zama na 64 na Babban Zauren, kujerar da Janar Joseph Garba na Najeriya ya riƙe a 1989, Farfesa Tijjani Muhammad-Bande kuma ya hau a 2019. Duk wanda yake son ya gane yadda Libiya ta juya wa Larabawa baya ta fuskanci Afirka, da dalilin da ya sa wani ɓangare na wannan aiki ya tsaya da ƙafarsa wani kuma ya bi Gaddafi kabari, to ya bi sawun Tireki, domin kusan duk inda aka ƙulla wani abu yana wurin.

A Misrata aka haife shi, a ƙarshen shekarun 1930, lokacin Italiya tana riƙe da ƙasar. Ya karanta tarihi a jami'a a Bangazi, ya wuce Tuluz a Faransa ya yi digirin digirgir. Ba ya cikin ƙananan hafsoshin da suka kifar da Sarki Idris ranar 1 ga Satumba 1969. Ɗan boko ne mai jin Faransanci da Turanci, irin mutanen da sojoji ba su cika yarda da su ba amma ba sa iya tafiyar da gwamnati sai da su. Ya riƙe harkokin waje daga 1976 zuwa 1982, ya sake dawowa daga 1984 zuwa 1986. Ya wakilci Libiya a Majalisar Ɗinkin Duniya har sau uku, ya wakilce ta a Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa a Alƙahira, ya yi jakada a Faransa daga 1995 zuwa 1999, daga nan aka damƙa masa harkokin Afirka.

Jerin muƙaman nan zai iya ruɗar mutum ya ɗauka Tireki ne ke tsara manufar ƙasar. Ba haka tsarin yake ba. A Maris 1977 Gaddafi ya shelanta Jamahiriyya a Sabha, wato mulkin jama'a kai tsaye ta hanyar tarurruka da kwamitoci. Aka soke sunan minista aka koma sakatare. Daga 1979 aka mayar da ofisoshin jakadanci "ofisoshin jama'a", ɗalibai da 'yan kwamitocin juyin juya hali suka karɓe su daga hannun ƙwararrun jami'ai. A takarda Gaddafi ba shi da wani muƙami, jagora ne kawai. A aikace kuwa ba a yanke ko zare sai da izininsa, kuma yana iya sauya magana tsakanin azahar da la'asar. Jami'an leƙen asiri suna da nasu layin, kwamitocin juyin juya hali suna da nasu, kowa yana kai rahoto ga mutum ɗaya. Matsayin Tireki a ciki kamar na ɗan da mahaifinsa ke yawan rigima da maƙwabta ne, kullum shi ake aika ba da haƙuri, alhali ba da shi aka yi shawarar faɗan ba.

Rigingimun kuwa ba su ƙidayuwa. A Yuli 1977 Libiya da Masar suka gwabza na 'yan kwanaki a kan iyaka. A 1979 Gaddafi ya tura sojoji Uganda su ceci Idi Amin daga dakarun Tanzaniya, suka sha kashi. A Afrilu 1984 aka harbo harsashi daga cikin ofishin jama'ar Libiya a Landan, ya kashe 'yar sanda Yvonne Fletcher, Birtaniya ta yanke hulɗa.

Amma Cadi ce ta fi kowace cin lokacinsa, kuma nan ne labarin ya shigo unguwarmu. Tun 1973 Libiya ta mamaye zirin Auzu a arewacin Cadi tana cewa nata ne. Da yaƙin basasar Cadi ya yi tsanani, Najeriya ta kira ɓangarorin Kano a Maris 1979, daga baya aka ƙarasa a Legas cikin Agusta, aka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya ƙarƙashin Gukuni Wadai, Hisen Habre yana ministan tsaro. Zaman bai yi daɗi ba. A Disamba 1980 tankokin Libiya suka taimaka wa Gukuni ya kori Habre daga Injamena, a farkon Janairu 1981 kuma aka ba da sanarwa daga Turabulus cewa Libiya da Cadi za su haɗe su zama ƙasa ɗaya. Hankalin maƙwabta ya tashi. Gwamnatin Shehu Shagari ta ga sojojin Libiya sun iso bakin Tafkin Cadi, Seyni Kunce a Yamai yana zargin Gaddafi da zuga Abzinawa. Matsin lamba ya sa Libiya ta janye a Nuwamba 1981, aka kawo dakarun kiyaye zaman lafiya na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka daga Najeriya da Senegal da Zayar, ƙarƙashin Janar Geoffrey Ejiga na Najeriya. Cikin wata bakwai Habre ya ƙwace Injamena.

Sakamakon ya fito fili a 1982, shekarar da ya kamata Gaddafi ya karɓi shugabancin ƙungiyar a Turabulus. An kira taro a Agusta, ƙasashe da yawa suka ƙaurace saboda batun Yammacin Sahara, adadin da ake buƙata bai cika ba. An sake kira a Nuwamba, ya sake watsewa a kan wanda zai zauna kujerar Cadi, Habre ko Gukuni. Aka mayar da taron Addis Ababa a 1983, Mengistu na Habasha ya zama shugaba. Afirka ta nuna wa Gaddafi ƙarara cewa ba ta amince da shi ba, kuma sai da ya jira har Fabrairu 2009 kafin ya hau wannan kujera, a Tarayyar Afirka da ta gaji ƙungiyar.

A Satumba 1984, Tireki yana kan harkokin waje karo na biyu, Faransa da Libiya suka amince kowa ya kwashe sojojinsa daga Cadi. Faransa ta kwashe, Libiya ta bar nata a arewa, Shugaba Mitterrand ya ji kunya a gaban 'yan ƙasarsa. A nan ake ganin babbar matsalar jakada a irin wannan tsari. Jarin jakada shi ne a yarda da maganarsa, Tireki kuwa yana iya sa hannu yau, gobe ubangidansa ya yi abin da ya ga dama. Yaƙin ya ƙare da mummunar asara a 1987, lokacin da sojojin Cadi a motocin Toyota suka tarwatsa sansanin Wadi Dum, suka kama Kanar Khalifa Haftar, wanda yau yake riƙe da gabashin Libiya. Daga ƙarshe aka kai maganar Auzu Kotun Duniya, ta ba Cadi gaskiya a Fabrairu 1994, Libiya ta fice cikin 'yan watanni. Abin da bindiga ta kasa warwarewa cikin shekara 20, lauyoyi da jakadu suka rufe shi, kuma ya kamata a yaba wa Libiya da ta bi hukuncin.

Ba zan wanke Tireki daga komai ba. A Disamba 1983, yana wakilin ƙasarsa a Niyok, ya yi jawabi a Babban Zauren inda ya bar sukar gwamnatin Isra'ila ya koma zagin Yahudawa a matsayinsu na al'umma, har Sakatare Janar Pérez de Cuéllar ya nuna ɓacin ransa. Wannan magana ba ta amfani Falasɗinawa da komai ba, sai ma makami da ta miƙa wa masu son a ce duk mai kare haƙƙinsu maƙiyin Yahudawa ne. Mutum mai iliminsa ya san bambancin.

Sai zamanin takunkumi. A Disamba 1988 bam ya tarwatsa jirgin Pan Am a sararin Lokabi a Sikotilan, mutum 270 suka mutu. A Satumba 1989 jirgin kamfanin UTA na Faransa da ya taso daga Barazabil ya yada zango a Injamena ya tarwatse a saman hamadar Tenere ta Nijar, da mutum 170. Bincike ya nuna hannun jami'an Libiya a duka biyun. Kwamitin Sulhu ya hana jirage shiga da fita ƙasar daga 1992. Tireki yana jakada a Faris lokacin da shari'ar UTA take tafiya, har zuwa 1999 da kotun Faransa ta yanke wa 'yan Libiya shida hukunci a bayan idonsu, ciki har da Abdullahi Sanusi, surukin Gaddafi. Kowa na iya ƙiyasta irin zaman da jakada zai yi a birnin da iyalan mamata suke jiran amsa daga gwamnatinsa.

Takunkumin nan ne ya juya akalar Libiya. Gaddafi ya shafe shekaru yana neman haɗewa da Masar da Siriya da Tunisiya da Maroko, duk ba wadda ta ɗore. Da aka ƙaƙaba masa takunkumi, ƙasashen Larabawa suka yi ta fitar da sanarwar goyon baya amma suka bi dokar sau da ƙafa. Afirka ce ta motsa. A Mayu 1997 Gaddafi ya keta haramcin, ya tashi a jirgi zuwa Yamai wurin Ibrahim Bare Mainasara, ya wuce Kano inda Janar Sani Abacha ya karɓe shi, ya ja jama'a salla. A Oktoba na shekarar Nelson Mandela ya shiga Libiya ta mota daga Tunisiya, bai kula da ƙorafin Amurka ba. A Yuni 1998 kuma shugabannin Afirka suka yanke shawara a Wagadugu cewa za su daina mutunta haramcin jiragen idan Amurka da Birtaniya ba su yarda a yi shari'ar Lokabi a wata ƙasa ta uku ba. Barazanar ta yi aiki. Aka shirya kotun Sikotilan a Holan, Libiya ta miƙa mutum biyun da ake zargi a Afrilu 1999, aka jingine takunkumin. Gaddafi ya ga wanda ya tsaya masa ranar wuya.

Daga nan aikin da za a fi tuna Tireki da shi ya fara. Tun Fabrairu 1998 an kafa ƙungiyar ƙasashen Sahel da Sahara, CEN-SAD, a Turabulus, da Libiya da Nijar da Cadi da Mali da Sudan da Burkina Faso, Najeriya ta shiga daga baya. Ranar 9 ga Satumba 1999 shugabanni suka hallara a birnin Sirte na Libiya, Gaddafi ya ajiye musu shawarar kafa ƙasar Afirka guda, mai soja ɗaya da kuɗi ɗaya da gwamnati ɗaya. Olusegun Obasanjo da Thabo Mbeki ba su ce a'a kai tsaye ba. Sun karɓi sunan tarayya, suka rage wa shawarar kaifi, suka ɗora nasu buƙatun na dimokuraɗiyya da tsaro da tattalin arziki. A Lome aka amince da kundin tarayyar a Yuli 2000, aka ƙaddamar da Tarayyar Afirka a Durban a Yuli 2002.

Tsakanin mafarkin Sirte da takardar Lome akwai tafiye-tafiye da zaman kwamiti da lallashi, kuma wannan shi ne fagen Tireki. Shi yake zagaya manyan birane yana fassara hudubar ubangidansa zuwa harshen da ministocin waje za su iya sa wa hannu, sannan ya koma gida ya nuna wa jagora cewa rabin da aka samu nasara ce. A ganina wannan ba ƙaramin aiki ba ne. In ba don matsin Gaddafi da kuɗinsa ba, tsohuwar ƙungiyar za ta iya ci gaba da jan ƙafa wasu shekaru goma. In kuma ba don mutane irin Tireki da suka san inda za a sassauta ba, taron Sirte zai iya watsewa kamar na Turabulus a 1982. Abin lura shi ne kundin da aka samar ya ƙunshi sashen da ya ba Tarayyar ikon shiga cikin ƙasa mamba idan ana kisan ƙare dangi ko laifukan yaƙi, ya kuma haramta karɓar mulki ta hanyar da ta saɓa wa tsarin mulki. Waɗannan ba abubuwan da Gaddafi ya je nema ba ne, shi da ya zo ta juyin mulki bai taɓa tsayawa zaɓe ba.

Kuɗin man fetur ne ƙashin bayan wannan siyasa. A lokacin Libiya tana cikin ƙasashe biyar, tare da Najeriya da Afirka ta Kudu da Masar da Aljeriya, da kowacce ke ɗaukar kashi 15 cikin ɗari na kasafin da mambobi ke biya, kuma takan biya wa ƙananan ƙasashe bashin da ake bin su. Ga otal-otal na Laico, ga gidajen mai, ga masallatai irin babban masallacin Yamai da na Kampala, ga ginin ma'aikatun gwamnati a Bamako. Gaddafi ya yi Maulidi a Timbuktu a 2006, ya yi a Agadas a 2007. Libiya ta shiga tsakanin Cadi da Sudan har aka sa hannu a Turabulus a Fabrairu 2006, ta karɓi tattaunawar Darfur a Sirte a 2007, ta taimaka wajen kawo ƙarshen tawayen Abzinawa a arewacin Nijar a 2009. Sai dai sau da yawa mai sulhun shi ne ya horar da 'yan tawayen tun farko, shi ya sa shugabannin yankin suke karɓar kyautarsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kan ƙofa.

Talakan Afirka da ya ɗauki kiran haɗin kai da gaske ya ga wata fuska daban. Da aka buɗe ƙofa, matasa daga Nijar da Najeriya da Cadi da Gana suka bi ta Agadas da Dirku zuwa Sabha neman aikin gini da gona. A Satumba 2000, wata biyu kacal bayan Lome, aka far wa baƙaƙen fata baƙi a Zawiya da wasu garuruwa, aka kashe mutane, aka kwaso dubbai zuwa gida. Daga baya Libiya ta ƙulla yarjejeniya da Italiya ta tare baƙin haure, ana tsare su a sansanoni cikin wulaƙanci. Haɗin kan da ake yi wa waƙa a ɗakin taro bai sauko kan titin Turabulus ba, kuma ma'aikatar da Tireki yake jagoranta ba ta mayar da wannan babban batu ba. A Maris 2010, Tireki yana shugabancin Babban Zaure, Gaddafi ya ba da shawarar a raba Najeriya biyu tsakanin Musulmi da Kirista, Abuja ta janye jakadanta. Mutumin da yake kiran a rushe iyakokin Afirka shi ne ya nemi a ƙara sabuwar iyaka a tsakiyar ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a nahiyar.

Da tarzoma ta ɓarke a Bangazi a Fabrairu 2011, jakadun Libiya ne suka fara tsinkewa. Ibrahim Dabbashi, mataimakin wakili a Niyok, ya juya baya ranar 21 ga wata. Ranar 25, wakilin Libiya a Majalisar, Abdurrahman Shalgam, wanda ya riƙe harkokin waje daga 2000 zuwa 2009, ya roƙi Kwamitin Sulhu ya ceci ƙasarsa daga mutumin da ya daɗe yana kira abokinsa. Gaddafi ya naɗa Tireki ya maye gurbinsa. Bai taɓa zama a kujerar ba. A ƙarshen Maris, daidai lokacin da ministan harkokin waje Musa Kusa ya tsere zuwa Ingila, aka ji daga Alƙahira cewa Tireki ya ajiye aiki. A lokacin dakarun gwamnati sun yi wa Misrata, garin haihuwarsa, ƙawanya suna yi mata ruwan bama-bamai. Wasu suna cewa ya makara, bayan shekara 35 yana kare gwamnatin, kuma wannan zargi yana da nauyi. Amma ƙin tsayawa a gaban duniya ya kare luguden wuta a kan garinsu abu ne da ya yi daidai, ko da a ƙurarren lokaci ne.

Tarayyar da ya taimaka aka haifa ta rasa bakin magana a rikicin. Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon, wakilan Afirka a Kwamitin Sulhu, duk sun kaɗa ƙuri'ar amincewa da ƙuduri na 1973 ranar 17 ga Maris, wanda ƙungiyar tsaro ta NATO ta fake da shi ta wuce kare fararen hula ta kai ga kifar da gwamnati. Kwamitin shugabanni biyar na Tarayyar ya kai taswirar sulhu a Afrilu, Gaddafi ya karɓa, 'yan tawaye a Bangazi suka yi watsi da ita. Suna kallon Tarayyar a matsayin ƙungiyar da Gaddafi ya saya da kuɗin Libiya, kuma shekarun biyan bashi da rabon kyauta ne suka ba wannan zargi ƙafa.

Tireki ya rasu a Alƙahira ranar 19 ga Oktoba 2015, ƙasarsa tana da majalisu biyu da gwamnatoci biyu. Tarayyar Afirka ta rayu bayan Gaddafi saboda tun a Lome ta fita daga hannun mutum ɗaya ta zama ta kowa, ko da yake giɓin kuɗi ya sa ta ƙara dogaro da Turai, har shugabanni suka amince a Kigali a 2016 da harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kan kayan da ake shigowa da su. CEN-SAD kuwa, da ta dogara kacokan ga Turabulus, ta zama suna kawai a jerin ƙungiyoyin yanki. Makaman da aka wawashe daga rumbunan Libiya suka gangaro kudu, mayaƙan da suka dawo suka kunna tawayen arewacin Mali a 2012, ma'aikata dubun dubata suka koma ƙauyukan Tawa da Damagaram hannu rabbana, iyalan da suke jiran aike suka shiga ƙunci. Da aka kira babban taro a kan makomar Libiya a Balin ta Jamus cikin Janairu 2020, Turkiyya da Rasha da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Faransa da Italiya duk suna kan teburi. Nijar da Cadi da Sudan, masu iyaka da Libiya ta kudu kuma waɗanda suka fi kowa ɗanɗana kuɗar rushewarta, ba su da kujera.